Ina son aikin bunƙasa ciniki tsakanin ƙasashe, ta ina zan faro?

Ɗan Illela:

Assalamu alaikum. Na karanta tattalin arziki a Sakkwato, na gama bautar ƙasa. Mahaifina ɗan kasuwar albasa ne, daga Galmi yake sayo ta ya shigo ta Ƙonni. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, da idona na ga motoci jere, albasa tana ruɓewa a buhu, dattawa sun zuba tagumi suna kallon jarinsu. Tun daga nan raina ya kwanta a kan aikin masu tsara yadda kaya ke ƙetare iyaka. Burina ECOWAS ko sakatariyar AfCFTA, wato yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, da ke Accra, amma ba ni da kowa a Abuja, inda hedikwatar ECOWAS take. Ku ba ni shawara don Allah.

Bamaradiya:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka iya Faransanci? In ba ka iya ba, fara gobe. ECOWAS da harsuna uku take aiki: Turanci, Faransanci da harshen Portugal. Hausa za ta kai ka kasuwar Maradi ka yi ciniki har a yi maka ragi, amma takardar duwan ɗinmu, wato kwastan, da Faransanci ake cika ta. Sannan ka tuna Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka maganar Illela da Ƙonni ta fi komawa tsakanin gwamnatocin biyu. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, ofishinta yana Yamai. Ka nemi sanin aikinta.

Baban Dawanau:

Ɗana, Allah ya mayar wa mahaifinka da alheri. Ni riɗi da zoɓo nake fitarwa, kuma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne takarda. Mutum ya tara kaya masu kyau, sai takardar shaidar asalin kaya ta tsayar da shi, ko bai yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, ba, ko bai taɓa jin tsarin ETLS ba, wanda ke bai wa kayan da aka yi a yankin damar wucewa ba kuɗin fito. Dubi wake: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. Wanda zai zauna a teburin sasanta irin wannan, ya kamata ya taɓa shiga sito ya ji warin maganin da hancinsa. Ka samu mai fitar da kaya ko wakilin fito ka yi shekara guda a hannunsa, ko albashin bai kai ya kawo ba. Na sha ganin yara masu digiri sun zo yi mana bita, ba su san kilo nawa ne buhun riɗi ba, raina ya ɓaci don mu ake cuta.

Malama daga Zariya:

Na yarda da Baba, sai dai kada ka saki karatu. Manyan kujerun nan galibi digiri na biyu suke nema, musamman a dokar ciniki. Ka riƙa duba shafin ECOWAS don guraben aiki, ka kuma sa ido a ma'aikatar ciniki ta tarayya. Ka karanta yarjejeniyar AfCFTA kanta, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019.

Ɗan Illela:

Na gode ƙwarai. Baba, in na shigo Kano bayan salla zan iya zuwa in ga yadda kuke cika takardun? Yaya, akwai mai koyar da Faransanci a Ƙonni, ranar Asabar zan tsallaka in same shi.