An hana ni fita sallar Juma'a a makarantar da nake koyarwa, ya zan yi?

Mai tambaya, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da lissafi a wata makarantar cata a nan New York, irin waɗanda gwamnati ke biyan kuɗinsu amma kwamiti mai zaman kansa ke tafiyar da su. Bara jadawalina ya bar mini sarari ranar Juma'a da azahar. Bana an sa mini aji daidai lokacin. Na yi wa shugabar makaranta magana da baki, ta ce ba wanda zai riƙe mini ajin. Takardar ɗaukar aikina ta ce suna iya sallamata duk ranar da suka ga dama ba sai da dalili ba, kuma ba mu da ƙungiyar malamai. In na matsa, ba zan rasa abincina ba?

Wata Hajiya daga Ohio:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan sharaɗin kada ya firgita ka, kusan duk Amurka haka aiki yake, in ka cire jihar Montana. Amma sallama ba dalili daban, sallama saboda addini daban. Sashe na bakwai na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya ɗora wa duk wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama nauyin sama wa ma'aikaci hanyar yin ibadarsa, sai in hakan zai jawo musu wahala mai yawa. Da can ɗan ƙaramin uzuri ma ya ishe su. A 2023 Kotun Ƙoli ta sauya wannan a shari'ar Groff, wani ma'aikacin gidan waya Kirista da ba ya aiki ran Lahadi: yanzu sai sun nuna asarar da za su yi babba ce idan aka auna da girman wurin. To "ba mai riƙe aji" da baki kawai ba hujja ba ce.

Sai dai maganar baki iska ce. Rubuta imel ga shugabar, ka sa ofishin kula da ma'aikata a ciki. Ka faɗi cewa buƙata ce ta addini, ka faɗi mintunan da kake so, ka kawo mafita da kanka: musayar aji da abokin aiki, ko a mayar da lokacin shirin darasinka zuwa azahar. Doka ba ta ce dole su ba ka wadda ka zaɓa ba, amma dole su duba da gaske.

Wani dattijo, Harlem:
Malam, kafin imel ɗin, nemo malamin da zai yarda ku yi musaya. Ka shiga ofis da sunansa a hannu. Shugabar nan jadawali ne ke ci mata tuwo a ƙwarya, ba lalle addininka take ƙi ba.

Wani malami, Minnesota:
Baba ya yi gaskiya, amma ni abin da nake jiye maka ƙarshen shekara ne. Ba kasafai suke kora a tsakiyar zango ba, sai Yuni ta yi kawai ka ji ba a sabunta maka ba. Ramuwar gayya kan wanda ya nemi haƙƙinsa haramun ce a dokar, sai dai tabbatar da ita shi ne aikin. Tun yau ka ajiye kwafin duk rahoton da aka rubuta kan koyarwarka, a gida, ba a kwamfutar makaranta ba. In aka zo ƙara, hukumar EEOC ake kai wa, wato hukumar tarayya mai sauraron ƙorafin nuna wariya a wurin aiki, kuma a New York kwana 300 ne wa'adin shigar da ƙarar, wasu jihohin 180.

Hajiya daga Ohio:
Ƙari kaɗan: duba littafin dokokin ma'aikata da aka ba ka, akwai matakan kai kuka har gaban kwamitin amintattun makarantar. Bi su a jere, kada ka tsallake. Kuma in bizar aikinka a hannun makarantar take, ga lauyan shige da fice kafin ka aika komai.