Mma ta karye a ƙugu, gida ya rabu biyu: maɗori ko tiyata?

'Yar Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, kuma da gaggawa. Mahaifiyarmu, shekarunta 74, ta zame a banɗaki shekaranjiya da asuba za ta yi alwala. Ba wata muguwar faɗuwa ba ce, zama kawai ta yi daɓas ta gefen hagu, amma tun daga nan ba ta sake taka ƙafar ba. Da muka kwantar da ita sai muka ga ƙafar hagun ta fi ta dama gajarta, tafin kuma ya kwanta waje. Ciwon a matsematsi take jin sa, yana sauka har gwiwa.

An ɗauki hoto a wani ƙaramin asibiti. Likita ya ce wuyan ƙashin cinya ne ya karye, can cikin gaɓar ƙugu, kuma ya goce. Ya rubuta mana takarda zuwa Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi, ya ce aiki za a yi, a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe. Kawunmu, ƙaninta, wanda shi ne babban namiji a dangi yanzu, ya ce atafau ba za a yanka masa 'yar'uwa da tsufanta ba, ga ta da hawan jini. Akwai maɗorin da ya ɗora ɗansa, shi yake so a kira. Yanzu haka tana gida kwance. Ni zuciyata ta fi karkata ga asibiti, amma tsoro nake ji kada ta tafi a teburin aiki a ce ni na kai ta. Wanda ya san abin nan ya taimaka mini.

Nas daga Tafo: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mma lafiya. Na yi aiki a ɗakin masu karaya, kuma ba zan ɓoye miki ba: ku kai ta yau, kada ku bari sai gobe.

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune a cikin ramin kwatangwalo, ɗan siririn wuya ne ya haɗa shi da sauran ƙashin. Jijiyoyin da ke kai wa kan nan jini ta jikin wuyan suke bi. In wuyan ya karye ya goce, sun tsinke ke nan, kan ya rasa abin da zai rayu da shi. Shi ya sa ga mai shekarun Mma likitoci ba sa tsayawa jiran ya haɗe, sai su cire shi su sa na ƙarfe. Kuma wurin yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu inda za a ɗaura kara ya riƙe shi.

Abin da ya fi ba mu tsoro ma kwanciyar ce. Tsohuwa in ta yi makonni a katifa, bayanta da dundunniyarta su yi gyambo, majina ta taru a ƙirji ta zama ciwon huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, wani lokaci gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Waɗannan su ke ɗauke tsofaffinmu, sai a ce ai faɗuwar ce ajali. Ƙa'idar da likitocin ƙashi suke so ita ce a yi aikin cikin awa 48 in hali ya yi. Kun ɗan wuce, amma ba ku makara ba.

Batun hawan jini, za a auna ta tukuna, a duba zuciya da yawan jini da suga. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci, allura ake yi a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Ba zan ce babu haɗari ba, kowane aiki da nasa. Amma haɗarin barinta a gida ya fi. Ku tafi da duk magungunan da take sha a cikin ledarsu, har na gargajiya. Kada kuma ku yi ta ɗura mata maganin ciwon nan diclofenac na kemis, yana cin ciki da ƙoda.

Ɗan Kejetia: Nas, a yi wa maɗora adalci mana. Kafin a gina Gee wa yake ɗora kakanninmu? Ni babur ya karya mini hannu, maɗori ya ɗora, ga shi ina ɗaukar kaya da shi. Mutane ba banza suke gudun asibiti ba, kuɗin ƙarfen nan ba wasa ba ne.

Nas daga Tafo: Yaya, ban raina su ba wallahi. Amma hannun saurayi daban, wuyan cinyar tsohuwa daban. Ƙashin mace yana yin sakayau bayan ta daina al'ada, shi ya sa zamewa kaɗan ta karya na Mma. Ja da murzar da za a yi mata azaba ce kawai, ƙashin ba zai koma ba. Maganar kuɗi kuwa gaskiyarka ce.

Hajiya mai waakye: 'Yata, ki ji daga bakin wadda ta gani. Yayata haka ta faɗi a bakin famfo. Aka kira wani mai ɗori, ya shafa baƙin magani, ya naɗe cinyar da karare tun daga gwiwa har sama, ya ce a ba shi lokaci. Ni nake juya ta. Ranar da na ɗaga zaninta na ga ƙasan bayanta ya ɓare ya yi rami, wari ya cika ɗakin, na fita tsakar gida na yi ta kuka. Da muka kai ta asibiti daga baya, sai da aka yi ta jinyar gyambon kafin a yi zancen ƙashi, ba ta kuma sake tafiya ba har Allah ya karɓi abinsa. Kafin ku samu mota, ki riƙa gyara mata kwanciya a hankali duk bayan awa biyu, ki sa matashi a ƙarƙashin sangalinta don dundunniyar ta tashi daga katifa. Kuma don Allah kada a sa ta a pragya, keken nan mai ƙafa uku, ku nemo motar da za ta kwanta a miƙe.

Ɗan Sawaba: Ni mai sikila ne, kan ƙashin ƙuguna ya mutu saboda rashin jini, aka canja mini gaɓar gaba ɗaya. Nawa ya fi na Mma girma, tunda har ramin aka sa wa sabo, ita kuwa rabi za a yi mata. Abin da ya ba ni mamaki, washegarin aiki masu gashin ƙashi suka zo suka tsayar da ni da sandar nan mai ƙafa huɗu. Zufa ta karyo mini, amma na taka.

Ku shirya gida tun tana asibiti. Ni an hana ni tsuguno, da zama a kujera 'yar tsugunne, da harɗe ƙafa, da sunkuyawa in ɗauki abu a ƙasa, na wajen mako 6 zuwa wata 3, don kada ƙarfen ya fita daga gurbinsa. Ku tambayi likitanta nata sharaɗin, don ya danganta da ta inda aka yanka. A gidajenmu na zango masai na tsuguno shi ne babbar matsala, ku sayi kujerar bayan gida mai tsayi. Katifar ƙasa ma ba za ta yiwu ba, sai gado. Banɗakin da ta zame a kankare gansakukar, a kafa ƙarfen riƙewa a bango.

Baban Zongo Lane: Daga Accra nake. Kan kuɗi: katin inshorar lafiya na NHIS zai rage muku wasu abubuwa, amma ƙarfen kansa ku za ku saya. Ku duba ko katinta bai mutu ba, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara kamar sauran mutane. Ku sa a rubuta muku lissafi a takarda kafin ranar aiki, ku karɓi rasit na komai, ku kuma nemi ofishin walwalar jama'a na asibitin ku faɗa musu halinku. Za a ce ku kawo masu ba da jini, ku tara samarin gida tun yanzu. Da ba gaggawa ba ce da na ambata muku St. John of God na Duayaw Nkwanta a hanyar Sunyani, da St. Joseph na Koforidua, duk sun yi suna a aikin ƙashi, ga asibitin Korle Bu da asibitin ƙashi na FOCOS a Pantang nan wajenmu. Amma ga Komfo Anokye a bakin ƙofarku da sashen haɗari da likitocin ƙashi, kada ku wahalar da ita a hanya. Ki sa lambar momo, wato ta tura kuɗi ta waya, a rukunin dangi, ki faɗi adadin ƙarara, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Malam na Akwatia Line: Allah ya sa kaffara ne. Abu biyu zan ƙara. Kawunki ba maƙiyinta ba ne, tsoro ne irin naki, sai dai nasa ya bi wata hanya. Kada ki yi musu da shi a gaban yara. Ki samu dattijon da yake jin nauyinsa, su tafi tare ya ga hoton da idonsa, likita ya nuna masa inda ya karye. Sannan duk maganar nan ban ji an ce ga abin da ita Mma ta ce ba. Tana cikin hankalinta, jikinta ne, a tambaye ta.

In sallah ce take damunta, hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan a Bukhari: mutum ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Bayan aiki ta yi a kujera mai tsayi da ishara har likita ya sake ta.

'Yar Aboabo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam, na tambaye ta. Ta ce ita dai kada ta zama wadda ake ɗauke wa fo, in aikin zai sa ta kai kanta banɗaki a yi. Limamin unguwarmu ya yi wa Kawu magana bayan azahar, bai ce ya yarda ba, amma ya ce zai biyo mu ya ji daga bakin likita. Yayana ya tafi neman mota. Nas, maganin hawan jininta na dare, in ba ta kafin mu tafi ko in bari sai sun gan ta?

Nas daga Tafo: Ki riƙe shi a jaka, kuna isa ki nuna musu, ki faɗi lokacin da ta sha na ƙarshe da lokacin da ta ci abinci. Kada ki manta hoton da takardar da likitan farko ya rubuta.