Na kawo sabuwar sagara, tsofaffin kajina sun hana ta sakat

Uwargida daga Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da kaji bakwai na gida da zakara ɗaya, sun saba da juna tun suna 'yan tsaki. Surukata ta aiko mini da sagara daga ƙauye, ja ce mai kyan jiki, ba ta wuce wata huɗu ba. Da na sake ta a tsakar gida, babbar baƙar kazata ta bi ta da gudu ta sare ta a ƙeya har ta fige mata gashi, sauran ma suka taya ta. Yanzu sagarar tana maƙale bayan randa, ko na watsa dawa ba ta fitowa sai kowa ya watse. Kyauta ce daga hannun surukata, ba na son a ce ta lalace a gidana. Don Allah yaya zan yi su karɓe ta?

Mai kiwo daga Jega:
Wa alaikumussalam Hajiya. Kafin maganar faɗa, ki fara raba ta da su yau ɗin nan. Hunturu ya shigo, kuma lokacin ne cutar nan mai murɗe wuyan kaji, wadda likitoci ke kira Newcastle, ta fi yin ɓarna a wajenmu. Kaza na iya ɗauke da ita kwanaki tana kiwonta lafiya lau kafin alama ta bayyana. Ki ajiye ta a keji can nesa da akurki, da kwanon ruwanta da na abincinta daban, mako 2 aƙalla, in kin iya 3 ya fi. Kullum da safe ki duba kashinta: in ya koma kore mai ruwa-ruwa, ko kika ga tana gyangyaɗi da fukafukai a sake, ki nemi ma'aikacin dabbobi. Ki ɗaga fiffikenta ki duba ƙarƙashi da gindin wutsiya saboda ƙwarƙwata, ki duba gefen ido saboda ƙuma. Game da cutar Newcastle ɗin kuwa, akwai rigakafin Lasota, akwai kuma I-2 da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido. Amma lafiyayyar kaza ake yi wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba.

Inna daga Gwandu:
Ɗiyata, abin da malamin nan ya faɗa gaskiya ne, ki bi shi. Amma ki kwantar da hankalinki game da saran, haka Allah ya yi kaji. Kowace ta san wadda ke gaba da ita da wadda ke bayanta, baƙar nan taki ita ce uwar garke, kuma sai ta nuna wa baƙuwa matsayinta.

Ni ga yadda nake yi tun ina amarya. In kwanakin keɓewa sun cika, sai in kife ta da babban kwando mai manyan idanu a tsakiyar gida, in ɗora dutse a kai. Suna ganinta, tana ganinsu, baki ba ya kai wa. In watsa gero kewaye da kwandon, wasu ƙwayoyi ciki wasu waje, su riƙa ci tare. Ranar farko za ki ga baƙar tana zagaye kwandon, wuya a miƙe, tana leƙe da ido ɗaya. Bayan kamar mako guda za ta wuce ko kallo ba ta yi. To a daren ranar, bayan isha'i sun yi lamo, ki ɗauki sagarar ki sa ta cikin akurki a gefe. Kaji ba su gani sosai da duhu, ba mai tashi faɗa. Amma ki riga su tashi da asuba ki buɗe musu, kada gari ya waye suna kulle ba ta da wurin gudu.

Kuma kada ki zuba dusa a kwano ɗaya. Ki yi wuri biyu ko uku, nesa da juna, baƙar ba za ta iya tsare duka ba.

Ɗan Zuru:
Ni dai a ganina wata huɗu ta yi ƙanƙanta, a bari jikinta ya kusa nasu. Sannan kaza ɗaya tilo ita ke shan duk saran. In da hali a samo mata 'yar uwa sa'arta a haɗa su tare. In kuma an fitar mata da jini a ware ta nan take, domin kaji in sun ga ja ba su bari. A wanke wurin a shafa GV, maganin nan mai launin shunayya da ake shafa wa rauni.

Uwargida daga Argungu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da ita kejin bayan ɗakin girki, ta sha ruwa ta ci tsakin shinkafa. Inna, wurin da aka fige bai yi jini ba, fatar ce dai ta yi ja. In shafa mata maganin tun yanzu ko in bar shi haka?