Shawarwari ga masu neman gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin lafiyar kowa

A tattaunawarmu kan neman gwamnati kaɗai ta riƙa biyan kuɗin asibitin kowa a Amurka, yawancin mahalarta sun ce a bi sawun kuɗi. Kafin zuwa wajen ɗan majalisa, a duba OpenSecrets, shafin intanet da ke bin diddigin kuɗin da ake ba 'yan siyasar Amurka, a ga nawa kamfanonin inshorar lafiya suka zuba a yaƙin zaɓensa, sannan a tambaye shi a bainar jama'a. Wasu suka ce a jawo ma'aikatan jinya, don mutane sun yarda da su.

Ni batun haraji ne ya fi damuna. Shi ya durƙusar da irin wannan shirin a jihar Vermont ta Amurka a 2014. A bi gida-gida tun da wuri, a nuna wa iyali abin da suke biyan inshora yanzu da harajin da zai maye gurbinsa.