Jakar bayan kamfaban, mi za mu ce mata da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta bayani kan motocin nan da Turawa ke kira kamfaban, ƙaramar bas ce da anka cire kujerun baya anka sa gado da risho da ɗan firji, mutum ya tahi yawo dare ya yi ya kwana ciki. Ita motar babu gardama, motar tafi-da-gidanka ta ishe mu. Jakar da suke rataya mata a baya ta waje ita nike nema ma suna, wani kan ƙofa yake ɗaure ta, wani kan safaya, wani jikin tsani ko ƙarfen ɗaukar keke. Ta tamfol ce mai kauri, ciki suke zuba abin da ba su son kwana da shi, shara, jiƙaƙƙen takalmi, itacen wuta, tiyo, wayar jawo lantarki, tunda ɗaki da kicin duk wuri guda ne. Ga amsoshin da jama'a sunka ba ni, kowa da sunan garinsu, da abin da ni ma na mayar musu.

Daga Jega: Malam ai kariya ce, mi na wahala.

A'a ɗan'uwa, kariya ƙarfen ne, na saman mota ko na bayan mashin. Abin da anka ɗora bisa kariya ba ya zama kariya.

Daga Gusau: To mangala. Kowa ya san ta kuma tana da daɗin faɗi, mangalar mota.

Daga Argungu: Yaro ka taɓa aza ma jaki mangala kuwa? Aljihu biyu gare ta, ɗaya dama ɗaya hagu, in ka cika guda da taki ka bar guda wofi kafin ka kai gona ta juye. Waga, jakar fatar nan ta jaki, ita ma haka take. Duk amfaninsu kaya su daidaita bisa gadon baya, wagga kuwa guda ce tana reto can ƙarshe. In sunan gargajiya kuke so ku ce taiki, gafaka dai a bar ma almajirai, zabira a bar ma wanzamai.

Daga Talata Mafara: Baba Allah shi ƙara girma, ka taɓo inda ya dace. Ni direba ne, duk nauyin da ya wuce tayoyin baya to ba nauyinsa kaɗai yake ba, shina danne baya shina ɗaga gaba, sai ka ji sitiyari ya yi sako-sako a hannunka musamman in ka shiga gargada ko kwana, ga ƙofar baya ba don dako anka yi ta ba, yau da gobe ta saki ta daina ruhuwa daidai. Jarka mai lita 25 in ruwa ne kilo 25 ke nan, biyu hamsin, ba wurinsu ba ne, su shiga ciki ƙasa tsakanin tayoyi. Can Turai ma lasin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500 da mota da kaya da mutane, shi ya sa suke auna komai. Kuma kar ta rufe lamba ko fitilar birki, kar ta kusanci salansa don tamfol narkewa yake. Sunan da za ku sa dai ya nuna a baya take, kar wani ya ji taiki ya ɗura mata buhun gero.

Daga Yauri: Ni Kombi ta faɗo min a rai, ƙaramar bas ɗin nan da ita ce kakar motocin tafi-da-gidanka, Volkswagen ta fara ƙera ta 1950, a 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara sa mata kayan kwana. Injinta a baya yake kuma iska ke sanyaya shi, ka ga ita in ka rataya jaka ka tare murfin inji. Suna kuma, jakar goyo.

Ni mai tambaya, goyon nan ya kwanta min, don a baya ake yi, ɗaure ake yi, kuma mai goyo ya san iyakar abin da bayansa ke ɗauka. Matsala guda, jakar goyo yaran makaranta sun riga mu, ita suke ce ma wadda suke zuba littattafai.

Daga Birnin Kebbi: Yaya ku ƙara mota mana, jakar goyon mota. Wa zai rikice?

Daga Argungu: Ta yi tsawo ɗiyata. Direba a tasha ba zai tsaya faɗin kalma ukku ba.

Gaskiya ne Baba, amma tasha ita ke yanke ma kalma wutsiya da kanta, za ka ji ana cewa sa shi a goyo, kwance goyon nan. A rubutu zan sa jakar goyon mota karon farko, daga nan in ci gaba da goyo. Taiki na aje shi, in mun zo kan babbar jakar da ake ɗaurewa saman rufi zan dawo da maganarsa, don can ya fi dacewa.

Daga Jega: Ni dai kariya zan ci gaba da cewa.