Wud lamba 3 ta ƙi ɗaga min ƙwallo daga ƙasa

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu wasan golf. A Damagaram nake, ina atisaye a wani fili bayan gari, ƙasa ce mai tauri da yashi sama-sama, ba ciyawa ko kaɗan. Sai na sauka Kano nake taka filin gaske.

Ina da wud lamba 3, wato sandar bugun nesa, mai karkatar fuska digiri 15, kwance na saye ta, kuma ƙotarta mai tauri ce. In na ɗora ƙwallo kan ɗan turke tana tashi lafiya lau. Amma daga ƙasa, cikin bugu goma da ƙyar biyu ke tashi. Sauran ko in daki kan ƙwallon ta yi ta gangarawa, ko sandar ta fara cin ƙasa ta yi tsalle.

Na matso da ƙwallon tsakiyar ƙafafuna, na rage tsawon riƙo, na sassauta ƙarfin bugu. Wata uku ke nan, abin ya ƙi, wallahi na gaji.

Kuɗin sanda ɗaya gare ni. A irin ƙasar nan tamu, lamba 5 mai digiri 18 zan saya ko lamba 7 mai digiri 21?