Likitan fiɗa a asibitin ƙauye: riba ko asara?

Baban Khalifa: Ni dai na ce asara ce. Mutum ya yi shekara da shekaru yana koyon tiyata, a kai shi ƙauye ya wuni yana rubuta maganin maleriya da hawan jini? Hannunsa ma sai ya mutu. A bar ƙwararru a birni, a ba mu motar asibiti.

Anti Ungozoma: Baban Khalifa, wace mota, a wace hanya? Da damina na raka wata mai doguwar naƙuda a bayan akori-kura, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa sama da kaina, muka tarar rafi ya cika. Awa biyar. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba, ga yoyon fitsari. Rahoton mujallar likitanci ta Lancet na 2015 cewa ya yi a iya kai mutum inda za a yi masa aiki cikin awa 2.

Ɗan Maraɗi: Mu a Nijar ba a jira ƙwararru ba. Likitocin gama-gari ake koya wa fiɗa, su koma asibitocin gunduma suna ciro jariri, suna aikin gwaiwa. Mozambik ma tun 1984 take horar da waɗanda ba likitoci ba ne su yi hakan.

Baban Khalifa: Wato talaka ne abin gwaji ke nan?

Dakta: Yaya, a yi haƙuri in sa baki. Marigayi Dakta Oluyombo Awojobi cikakken likitan fiɗa ne, amma ya zauna a Eruwa ta jihar Oyo, ya buɗe asibitinsa a 1986, yana duba kowace irin cuta har rasuwarsa a 2015. Ruwan da ake ƙara wa majinyata ma da kansa yake haɗawa. Hannunsa bai mutu ba.

Sai dai maganarka da ƙamshin gaskiya. Yaron da taifot ya huda wa hanji, ɗinkin ba shi ne wahalar ba. Wa zai ba shi allurar barci? Akwai jini a firij? Wa zai kwana kansa yana duba fitsari da numfashi? Na taɓa rufe ciki da fitilar waya, janareto ya ɗauke. Ko farfesa ka kawo ranar, fitilar nan zai riƙe.

Anti Ungozoma: Ni zan riƙe masa, Dakta. Ya dai zo.

Baban Khalifa: To, ya zo. Matarsa da 'ya'yansa fa, wace makaranta za ku sa masa su?